Tsakanin Mai Tari da Ƙofar Asibiti: Aikin Ƙungiyoyin Al'umma a Yaƙi da Tarin Fuka

Masu sauraro na Shema da Karofi da Makera da Dabawa da cikin garin Dutsin-Ma, da na Kurfi da Birchi da Wurma da Rawayau da Tsauri, da duk inda wannan murya ta isa,  shirin faɗakarwa na yau ya shafi tarin fuka, wanda wasu ke kira tarin tibi, da nauyin da ya rataya a wuyan ƙungiyoyin al'umma wajen yaƙi da shi. Idan aka ce ƙungiyoyin al'umma, ko ƙungiyoyin farar hula, ana nufin duk wata haɗakar mutane wadda ba gwamnati ce ta kafa ta ba kuma ba don neman riba aka kafa ta ba, tun daga kwamitin masallaci da 'yan agaji da ƙungiyar matan unguwa, har zuwa manyan ƙungiyoyin jin ƙai masu ofisoshi a Katsina da Abuja da ƙasashen waje. Shirin zai fara da bayanin ciwon kansa, daga nan ya duba abin da ke raba mai tari da magani, sannan ya zo kan aikin ƙungiyoyi.

Kashi na farko, ciwon kansa.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka, ƙwayar da ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch shi ya gano ta, ya kuma bayyana wa duniya a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da tarin fuka a wannan rana kowace shekara. Ƙwayar ta fi kama huhu, ko da yake takan sauka a ƙashin baya ko kaluluwar wuya ko lulluɓin ƙwaƙwalwa, musamman ga ƙananan yara. Iska ce ke ɗaukar ta. Idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙwayoyin sukan yi sa'o'i suna yawo, duk wanda ke kwana a ɗakin nan kuwa yana shaƙarsu. A riƙe wannan da kyau, masu sauraro: iska ce ke ɗaukar ta. Ba a gadon tarin fuka a jini, ba a ɗaukarsa ta musabaha ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ba kuma sammu ko jifa ba ne. Abin da ya sa ake ganin ya bi gida ya kama uba da ɗa da jika shi ne ɗaki ɗaya suke kwana, iska ɗaya suke shaƙa.

Alamominsa sanannu ne. Tarin da ya kai mako biyu bai tsaya ba, zazzaɓin da ke tasowa da maraice, gumin dare har riga ta jiƙe, rama, rashin son abinci, wani lokaci kuma jini a cikin kaki. Tarin da ya kai mako biyu, wannan ita ce alamar da ya kamata kowane gida ya haddace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a faɗin duniya, kimanin miliyan 1.25 kuma suka rasu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan ciwo, domin ƙiyasin ya nuna kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa a kowace shekara. Abin takaici a nan shi ne ciwo ne mai magani, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda ke da cibiyar horar da ma'aikata a Saye, kusa da Zariya, yake kuma da jami'i a kowace ƙaramar hukuma, har da Dutsin-Ma da Kurfi.

Kashi na biyu, masu sauraro, tambaya ce: tun da magani kyauta ne, me ke kashe mutane?

A ɗauki misalin wani magidanci a ɗaya daga cikin ƙauyukan mazaɓar Shema, wanda tari ya kama shi bayan an gama girbi. Da farko zai ce hunturu ne da ƙurar sussuka. Idan mako ya zagayo zai aika yaro kemis ya sayo maganin tari na kwalba, ya sha ya ɗan samu barci. Da tarin ya dawo sai a haɗa masa ƙwayoyi na kwana uku, daga nan a koma ga sassaƙe da jiƙo, har wani daga cikin dangi ya fara raɗa cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, akwai hannu a ciki. Kafin nan wata uku sun shuɗe, wando ya yi masa yawa, an ware masa kwano da moɗa, abokan hira sun fara zame jiki daga zaurensa, alhali 'ya'yansa ƙanana suna nan suna kwana a ɗakin da aka toshe tagarsa da tsumma saboda sanyi. Wato abin da ba ya yaɗa ciwon shi aka tsare, abin da ke yaɗa shi kuma aka bari. Idan mace ce ke tarin lamarin ya fi tsanani, domin ba za ta fita ba sai da izinin miji da kuɗin mota daga hannunsa, tana kuma tsoron kada kishiya ta ji, ko a ce ta tafi gidansu sai ta warke. Budurwa kuwa iyaye kan ɓoye ciwonta don kada manema su gudu.

Ko wanda ya yi niyyar zuwa asibiti, kyautar magani ba ta ɗauke masa kuɗin acaɓa da na mota ba, ba ta kuma biya shi yinin da ya rasa a gona ko kasuwa ba. Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2017 ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen da ke da mai tarin fuka a Nijeriya suna asarar abin da ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na samunsu na shekara saboda ciwon. A wannan yanki an samu ƙarin wani nauyi, wato matsalar 'yan bindiga da ta addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa da sassan Kurfi da Dutsin-Ma, wadda ta tashi ƙauyuka, ta cusa iyalai da yawa cikin ɗakunan 'yan uwa a gari, ta kuma hana mutane noman da zai ciyar da su. Cunkoso da yunwa su ne manyan abokan tafiyar tarin fuka, domin jikin da bai ƙoshi ba shi ƙwayar ta fi saurin kayarwa, haka ma jikin mai ciwon suga ko mai ƙanjamau.

Alƙaluman ƙasa sun nuna girman wannan rata. A 2019 kimanin mutum 120,000 kaɗai aka gano aka ɗora kan magani a Nijeriya. A 2022 adadin ya haura 285,000, a 2023 kuma ya wuce 360,000. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma babban dalilinsa shi ne an daina zaman jiran mai tari ya kawo kansa, an shiga bin sa har unguwa da kasuwa da kemis. Duk da haka a 2023 mutum sama da dubu ɗari sun zauna a gidajensu ba a gano su ba, suna tari, suna raba ciwon ga waɗanda suka fi ƙauna.

Kashi na uku, wanda shi ne ƙashin bayan shirin, aikin ƙungiyoyi.

Tarihi ya nuna cewa tun fil'azal ƙungiyoyi ne ke shige wa gwamnatoci gaba a wannan yaƙi. Ƙungiyar KNCV ta ƙasar Holan an kafa ta ne a 1903, tun kafin a samu maganin ciwon, kuma reshenta na Nijeriya ya yi aikin nemo masu tarin fuka a jihohi da dama, Katsina na ciki, da tallafin Amurka tun daga 2020. Tsarin da ake bi a asibitoci yau, wanda ma'aikata ke kira DOTS, ma'anarsa shan magani a gaban idon wani, ya samo asali ne daga aikin da likita Karel Styblo ya yi a Tanzaniya tun daga ƙarshen shekarun 1970, a ƙarƙashin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai zaman kanta. A Bangaladash kuma ƙungiyar BRAC ta horar da matan ƙauye tun daga 1984, su ke gano mai tari a cikin maƙwabta, su ke kuma tsaya masa har ya shanye maganinsa. Ba likitoci ba ne waɗannan mata, amma an san su, an san gidajen iyayensu, ana kuma buɗe musu ƙofa.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan da idonta a yaƙin shan inna. Bayan ƙaurace wa rigakafin da aka yi a 2003, abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne shigowar sarakuna ta kwamitin da aka kafa a 2009, da malamai, da mata masu bi gida-gida, da waɗanda shan inna ya nakasa suka fito da kansu suna magana, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Hanyar da saƙo ya bi a lokacin, daga fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maradin Katsina a Kurfi zuwa dagatai da masu unguwanni da limamai, tana nan ba ta shafe ba. Tarin fuka bai samu rabin wannan kulawa ba, alhali yana kashe mutanen da suka ninka na shan inna nesa ba kusa ba.

Aikin farko na ƙungiya shi ne nemo mai tari. Ma'aikacin lafiya yana zaune a asibiti, ba ya jin tarin da ake yi da tsakar dare, amma maƙwabci yana ji, ladan yana ji a sahun asuba, malamin tsangaya yana ji a ɗakin almajiransa, ungozoma da malamar Islamiyya suna ji a cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, duk suna da mutane a inda motar gwamnati ba ta zuwa. Abin da ake bukata daga gare su bai taka kara ya karya ba: su san alamomin, su yi magana da mai tari a keɓe cikin mutunci, su haɗa shi da asibiti mafi kusa. A can za a ba shi ƙaramin gwangwani ya tofa kaki, a aika da shi inda ake da na'urar GeneXpert, wadda cikin kimanin awa biyu take nuna ko akwai ƙwayar, ta kuma nuna ko mai jin magani ce. Yaron da bai iya tofa kaki ba ana iya gwada bayan gidansa da wannan na'ura.

A nan masu kemis sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne ƙofar farko da mai tari ke ƙwanƙwasawa, kuma suna da ƙungiyarsu mai shugabanni da taro. Mai kemis da ya sayar wa mutum ɗaya maganin tari sau uku cikin wata ɗaya ya riga likita sanin akwai matsala. Idan ƙungiyarsu ta yanke cewa duk tarin da ya kai mako biyu ba za a ƙara haɗa masa magani ba sai an tura shi gwaji, watannin da ake ɓatawa za su koma kwanaki. Wanda ya ci gaba da sayar da kwalba bayan kwalba don kada ciniki ya kuɓuce masa, ya sani cewa da numfashin maƙwabcinsa yake cin riba.

Aiki na biyu shi ne rakiya har ƙarshen magani, kuma shi ya fi wuya. Maganin tarin fuka wata shida ne cur, kullum ba fashi: wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata huɗun ƙarshe kuma biyu. Ɗaya daga cikinsu, rifampicin, yana mai da fitsari ja-ja, kuma mutane da yawa sun tsorata sun ajiye magani saboda ba wanda ya gaya musu cewa wannan ba jini ba ne, ba kuma illa ba ce. Cikin makonni kaɗan da fara sha tari yakan lafa, abinci ya fara shiga, haɗarin shafa wa wasu ya ragu ƙwarai, kuma a daidai wannan lokaci ne ake yin babban kuskure, domin mutum yakan ga ya warke ya koma harkarsa, ko ya tafi cirani Legas ko Abuja ya bar katin maganinsa a gida. Wanda ya bar magani a wata na biyu kamar manomi ne da ya yi noman farko ya ƙi yin maimai: ciyawar da ta tsira ita ce mai ƙarfin saiwa. Ƙwayoyin da suka rage sukan dawo da ciwon, wani lokaci su zama masu bijire wa magani, wato waɗanda maganin farko ba ya kashe su kuma, sai an koma ga wasu magunguna masu tsada da wahalar sha.

Saboda haka tsarin ya tanadi mai taimakon jiyya, wato wani amintacce da majiyyaci ya yarda da shi, wanda zai ga an haɗiye magani kowace safiya ya sa alama a kati, ya kuma tuna ranar komawa karɓar wani da ranar sake gwajin kaki. Ƙungiya ce ke iya samar da irin wannan mutum ta kuma maye gurbinsa idan ya gaji. Ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa za su iya ɗauke wa mai katin tarin fuka kuɗin zuwa asibiti. Kwamitin zakka na masallaci zai iya ware masa kwanon gero da na wake a lokacin girbi, domin magani a cikin da babu abinci yana da wuyar jurewa. Matan adashe za su iya ɗage wa 'yar uwarsu zubi har ta miƙe. Haka nan wajibi ne a kai duk mutanen gidan majiyyaci a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda akan ba su maganin kariya ko da ba su nuna alama ba, a kuma tabbatar kowane jariri ya samu allurar BCG da ake yi bayan haihuwa. Shugabannin makiyaya su ma suna da nasu saƙon da za su kai ruga, domin akwai nau'in tarin fuka na shanu da ke shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba.

Maganar ƙyama kuwa ba mai iya kashe ta kamar wanda ya sha magani ya warke. Idan mutumin da aka ga ramarsa bara ya tashi a taron suna ko bayan sallar Juma'a da ƙibarsa ya ce tarin fuka ya yi, wata shida ya sha magani, ga shi yau yana noma, maganarsa ta fi takardar sanarwa dubu. Limamin da ya ba shi minti biyar ya yi aikin lada.

Aiki na uku shi ne tsayawa a nemi haƙƙi. Wasu mata biyu da suka yi fama da tarin fuka mai bijire wa magani, Nandita Venkatesan ta Indiya da Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu, waɗanda allurar tsohon magani ta kurmantar da su, sun shigar da ƙorafi a 2019 don hana wani kamfani tsawaita mallakarsa kan sabon maganin bedaquiline. A watan Maris na 2023 hukumar kula da haƙƙin mallaka ta Indiya ta ƙi amincewa da buƙatar kamfanin, kafin shekarar ta ƙare kuma farashin maganin ya faɗi da kusan rabi, abin da ya amfani ƙasashe irin Nijeriya. A matakin mazaɓa wannan aiki ya faɗa kan kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda aka tanada don ya sa ido kan asibitin shan magani na yankinsa. Kwamitin Shema ko na Birchi yana da damar tambaya ko akwai gwangwanayen kaki, kwana nawa sakamako ke yi kafin ya dawo, ko magani ya taɓa yankewa, ko kuma an taɓa karɓar kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne. Ma'aikaci na gari yana maraba da waɗannan tambayoyi, domin su ke kai kukansa gaba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita za su iya taimaka wa kwamitocin da rubuta abin da aka gani da kai shi ga hukuma.

Kashi na ƙarshe, masu sauraro, gargaɗi ne game da kuɗi. Kaso mafi tsoka na abin da ake kashewa kan tarin fuka a Nijeriya daga waje yake zuwa, musamman daga asusun Global Fund da aka kafa a 2002 da kuma gwamnatin Amurka. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, ayyukan nemo masu tari a ƙasashe da dama suka girgiza. Wannan ya tona wani rauni da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi, wato aikin sa kai da aka gina kan alawus da riga da hula yakan tsaya ranar da alawus ya tsaya. Ba laifin 'yan sa kai ba ne, domin wanda ya bar sana'arsa ya yini yana bin gidaje ya cancanci a biya shi, kuma gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ya kamata su ɗauki wannan nauyi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a watan Afrilun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, a wani taro da tarin fuka na cikin abin da ya tara su, kuma haƙƙin ƙungiyoyi ne su riƙa tuna wa gwamna da ciyaman da kansila wannan alkawari duk lokacin da ake tsara kasafi. Amma masallaci da ƙungiyar mata da ƙungiyar masu kemis da ta direbobi ba da kuɗin waje aka kafa su ba, saboda haka yankewarsa ba hujja ba ce a gare su.

Kira ga kowace ƙungiya da ke sauraro a Dutsin-Ma da Kurfi shi ne ta sa tarin fuka cikin ajandar taronta na gaba, ta gayyaci jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma ya yi mata bayani, ta kuma zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za a riƙa kai wa labarin mai tari a asirce. Kai kuma magidanci, ke kuma uwargida, idan akwai wanda ya kai mako biyu yana tari a gidanku, a buɗe taga yau, gobe a kai shi asibiti a nemi gwajin kaki. Gwaji kyauta ne, magani kyauta ne, wata shida ne ba fashi. Mai neman ƙarin bayani ya kira lamba 3340, ita ma kyauta ce. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.